TARIHIN SU DA FATSA A LAKWAJA: ABIN DA MUKA GADA DA ABIN DA YA RAGE MANA

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan fitowa shi ne wani ɗan abu da ya faru a bakin kasuwa kwanakin baya. Muna zaune a rumfa bayan la'asar sai ga wata mai tallar kifi ta sauke tire, a cikin kayanta akwai yauni guda ɗaya madaidaici. A wurin akwai samari kamar biyar, duka haifaffun garin nan, wasu ma sun gama sakandare. Muka ce su faɗa mana sunan kifin nan. Wallahi babu wanda ya sani. Ɗaya ya ce wani irin tarwaɗa ne, ɗaya ya ce shi dai ya fi kama da maciji. Amma da muka ce to su lissafo mana kifin ƙanƙara, nan take suka jero titus da kote da shawa da fanla, ko numfashi ba su ja ba.

Dariya aka yi aka watse, amma mu abin ya tsaya mana a rai. Yaron da aka haifa a inda Kwara da Binuwai suka haɗu, wanda in ya hau Dutsen Patti zai hango ruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kowanne da launinsa, a ce ya san kifin tekun Turai bai san na ƙofar gidansu ba, ai laifin ba nasa ba ne, namu ne da ba mu ba shi labari ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka sani, wanda muka gani da idonmu da wanda muka ji daga bakin iyayenmu, tun kafin mu ma ƙasa ta rufe mana ido.

YADDA MUKA ZO BAKIN RUWAN NAN

Kogin Kwara daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Binin, sannan ya shigo Nijeriya ta ƙasar Kabi, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Binuwai kuwa daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru yake fitowa, ya bi ta Garwa da Yola da Ibi da Makurɗi. Mahaɗar ruwa biyu irin wannan ba ta rabuwa da mutane, don haka tun kafin zuwan Bature akwai Oworo a kan tuddai, akwai Kakanda da Nufawa masu jirage, akwai Bassa da Igala da Igbirra a wannan gaɓa da waccan. Fatake daga ƙasar Hausa kuma suna saukowa da kanwa da fata da tufafi da dawaki, su koma da kayan kudu.

Garin da muke ciki yanzu ya kafu ne wajen 1860, lokacin da Dakta Baiki ya zauna a nan da yardar Etsu Nupe Masaba. Shi wannan Bature ya fara shigowa kogin ne a 1854, ya dawo a 1857 jirginsa ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba, daga baya ya sauko nan ya buɗe kasuwa. Ya koyi Hausa har yana rubutu da ita, wannan kuwa ya isa ya nuna irin harshen da ake ciniki da shi a bakin ruwan nan tun wancan zamani. Ranar 1 ga Janairu 1900 a garin nan aka sauke tutar Kamfanin Neja aka ɗaga ta Ingila a gaban Gwamna Lugga. Nan kuma Turawa suka riƙa kawo sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi a nan ya rasu a 1924, Sarkin Kano Alu shi ma a nan Allah Ya yi masa cikawa a 1926, Allah Ya jiƙansu. Kaburburansu suna nan a unguwar Kabawa.

To ga inda maganarmu ta shigo. Duk Bahaushen da ya ji an ce Kabawa ya san mutanen Kabi ake nufi, kuma duk wanda ya san Kabi ya san ba a raba Bakabe da ruwa. Cikin kakanninmu akwai wanda fatauci ya kawo shi, akwai wanda aikin soja ya kawo shi, akwai almajiri, akwai wanda ya biyo ubangidansa da aka tuɓe. Amma akwai kuma waɗanda ruwa ne ya kawo su, suka biyo kifi daga Argungu da Yawuri, zango bayan zango, da kwalekwale da mata da 'ya'ya da tukunyar girki. Su ne ake kira Sarkawa a wajen Yawuri. Irinsu sun kai har Tafkin Chadi da Binuwai ta sama, kuma duk inda suka sauka sai ka tarar da tunga da banda tana hayaƙi.

GADON KABI

Daular Kabi ta yi tashe ne a ƙarni na 16 zamanin Kanta, wanda ya gina birnin Surame. Bayan jihadi aka daɗe ana ɗauki ba daɗi tsakanin Kabawan Argungu da Sakkwato da Gwandu, kusan duk ƙarni na 19. Mutanen Kabi suna da al'adunsu na ruwa tun da daɗewa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda ake yi kafin a buɗe ruwa a fara su. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa babban su don girmamawa. Daga wannan ziyara ta sulhu ce bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffar da duniya ta san shi da ita.

Abin lura a nan shi ne tsarin abin. Ruwan Matan Fada a rufe yake, ba mai taɓa shi sai ranar biki. Ranar kuwa ba injin, ba taru, daga homa sai gora, mutum ya faɗa ruwa da ƙarfinsa da sa'arsa, kuma cikin kamar awa guda an gama. Wannan rufewa ita ce sirrin manyan giwan ruwan da ake fitarwa. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. An yi kamar shekara goma ba a yi shi ba, da aka dawo da shi a 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Mu da muke nesa muna kallo a talabijin muna tafi, amma darasin ya fi tafin muhimmanci: ruwan da aka bari ya huta shi ke haifar da giwa.

KIFAYEN KOGINMU

Bari mu jero su don amfanin 'ya'yanmu, kowanne da halinsa, kamar yadda aka koya mana.

Giwan ruwa shi ne babba, farin kifi mai ɓawo, mai cin 'yan'uwansa. Yana son wuri mai zurfi da gindin duwatsu. In ya samu rai yakan wuce kilo 100. Wani abin mamaki, wannan kifi da yake ɗan gida a wurinmu, da aka kai shi Tafkin Biktoriya a gabashin Afirka a shekarun 1950 sai ya cinye ƙananan kifayen tafkin iri-iri har wasu suka ɓace. A nan kuwa ya zauna da sauran kifi shekaru aru-aru ba a rasa kowa ba, don kowa ya san maɓoyarsa.

Yauni, wanda wasu ke ce wa ɗan sarki, dogo ne, ƙayarsa ta baya ta bi shi daga wuya har kusa da wutsiya, kuma yana iya tafiya da baya kamar yadda yake yi gaba. Da damina yakan yi sheƙa ta ciyawa mai yawo a kan ruwa ya zuba ƙwai manya, kuma in ka matsa kusa da sheƙar nan zai kai maka cizo. Abokan cinikinmu Yarbawa suna daraja shi ƙwarai wajen bikin aure, shi ya sa kullum kuɗinsa a sama yake.

Balli, ko bargi, shi ma mai sheƙa ne, yakan share wuri zagaye a cikin ciyawar fadama inda ruwa bai yi zurfi ba. Ƙarfasa, wadda wasu ke kira gargaza, uwar tana riƙe ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, in ta ga haɗari 'ya'yan su ruga su koma bakin. Tarwaɗa da ramboshi masu gashin baki ne marasa ɓawo, suna shaƙar iska, shi ya sa tarwaɗa kan kwana a kwano da ɗan ruwa kaɗan ba ta mutu ba. Kurungu in ka fito da shi yakan yi ƙara, ya miƙe ƙayoyinsa ya kulle su, kuma duk yaron da ya tashi a bakin ruwa yana da tabon kurungu a hannu ko a ƙafa. Tsage kuwa haƙoransa a waje suke kamar na zarto, ba ya barin zare.

Akwai ragon ruwa da warushe da buro, akwai faliya mai faɗi kamar faifai, akwai burɗo mai tsotsar dutse, akwai kawara da ke yawo garke-garke a saman ruwa. Akwai minjirya mai wuta a jiki, wadda in ka taɓa ta sai hannunka ya mutu har kafaɗa. Akwai talibambam mai kumbura ciki. Sai gaiwa, wadda in fadama ta ƙafe takan haƙa rami a laka ta naɗe jikinta ta kwanta har ruwa ya dawo. Da rani manoma kan tono ta da fartanya a busasshiyar ƙasa, baƙo ya gani ya ce ƙarya ne.

FATSA, SU NA MARASA SANA'AR SU

Ya kamata mu bambance abu biyu. Akwai masunta, waɗanda su shi ne cinsu da shansu, masu taru da kalli da birgi da mamari da gura. Akwai kuma mu sauran jama'a, 'yan kasuwa da teloli da mahauta da malaman allo da direbobi, waɗanda kamun kifi a wurinmu shaƙatawa ce. Namu shi ne fatsa.

Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, ranar Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo su ne ranakunmu. Tun da safe ake zuwa bayan gida inda ake zubar da ruwan wanke-wanke a tono tana a zuba a gwangwanin madara da 'yar laka. Sanda ta gora ko ta gwangwala, zare da ƙugiya na kwabo kaɗan, ɗan guntun ƙarfe don nauyi, sai ɓargon kara ko guntun silifa ya zama alama a saman ruwa. Kowane kifi da abin da yake so. Tarwaɗa tana son tana da hanjin kaza, kawara tana son gara da fara, ƙarfasa takan zo wa dusa da ɗan tuwo. Kurungu kuwa komai ka jefa zai ci, har sabulun wanki an sha kama shi da shi. Masu neman tsage da giwan ruwa sai su maƙala ƙaramin kifi mai rai, su sa 'yar waya tsakanin ƙugiya da zare.

Manya su ma suna da nasu zama. Bayan la'asar in an rufe rumfa sai ka ga dattawa uku ko huɗu sun nufi bakin ruwa da buzu da buta, kowa da fatsarsa. A can ake maganar farashin goro da na manja, a can ake sasanta rikicin da ya gagara a zaure, a can sau da yawa ake fara maganar aure tsakanin gida da gida. In magariba ta yi a yi alwala da ruwan kogi a yi salla a kan yashi. Abin da aka kama ba a sayarwa, na miyar gida ne da na maƙwabta, in an yi sa'a babba a aika wa liman da kai. Wanda bai kama komai ba kuwa ya shiga uku da tsiya har a iso gida. Ma'aikatan kamfanoni da na jiragen ruwa, Turawa da 'yan ƙasa, suna zuwa da sandarsu mai ƙarfen naɗe zare, mu yara mu bi su muna kallo, su kuma su sayi tana a hannunmu.

Fatsa ta koya mana abin da bulala ba ta koya mana ba. Ta koya mana zama shiru, ta koya mana kallon ruwa, mu gane inda yake juyawa da inda yake da rami. Ta kuma haɗa mu da maƙwabta. Akwai ranar da ba za mu manta ba, muna kan wani tsibirin yashi da rani, ɗaya daga cikinmu ƙugiyarsa ta maƙale ya shiga ciro ta, yashin ya zame da shi, ruwa ya ja shi. Mu dai ihu kawai muke yi. Wani dattijo Bakakande da ke wucewa da jirginsa shi ya faɗa ya cafo shi. Da ya fito da shi ya matse masa ciki ya amayar da ruwa, sai ya tsinke reshe ya zane mu duka, sannan ya sa mu a jirgi ya kai mu har ƙofar gida ya ba iyayenmu labari da Hausarsa tsaf, su ma suka ƙara mana. Daga ranar har ya rasu Baba muke ce masa, kuma duk salla sai an kai masa tuwo. Wanda aka ceto ɗin nan yau yana da jikoki.

DOKAR RUWA A DA

Kada mai karatu ya ɗauka a da kowa ke faɗa wa ruwa yadda ya ga dama. Ruwa yana da masu shi. Kowane tafki da kowace fadama akwai garin da ke da iko da ita, akwai sarkin ruwa ko wani dattijo da ake neman izini a wurinsa. Kakanninmu da suka zo sun tarar da wannan tsari, suka bi shi, suna kai gaisuwa, suna ba da kason mai ruwa. Wannan ladabi shi ya sa aka ba su wurin zama.

Tsarin kuwa ya dace da yadda Allah Ya halicci kifin. In ruwa ya fara hauhawa da damina, kifi yakan bar tsakiyar kogi ya shiga fadamu da ciyayi ya yi ƙwai. Ƙananan su girma a can inda abinci yake da yawa, in ruwa ya fara janyewa wajen Nuwamba su biyo shi su dawo kogi. Waɗanda suka rage a tafkuna sai a bar su har tsakiyar rani, sannan a sa rana a yi shela, gari da gari su taru a yi su na gayya da homa da koma, da kiɗa da guɗa. Wanda aka kama ya saci ruwa kafin ranar, tara ce da kunya. Ragar da kuwa da zaren rama ko na auduga ake saƙa ta da hannu, idonta manya, ƙaramin kifi ya wuce abinsa. Ko magimfa da wasu ke dakawa su zuba, a ɗan kududdufi ake yi, kuma dattawa ba su so.

ABIN DA YA CANZA

Canji na farko ragar nailan ce, wadda ta bazu daga shekarun 1950 zuwa 1960. Ba ta ruɓewa, ba ta da tsada kamar wahalar saƙa, kuma ana samunta da ƙananan idanu. Bayanta injin jirgi ya zo, wurin da ake kwana biyu kafin a kai sai ya zama tafiyar hantsi.

Canji na biyu madatsun ruwa. An fara ginin Kainji a 1964 aka gama a 1968, tafkin ya cinye tsohon garin Busa, aka tayar da mutane kimanin 44,000. Masunta da yawa daga ko'ina suka kwarara can saboda kifin da ya yi yawa a farkon shekarun. Amma mu da ke ƙasa da madatsar, ruwan da ke zuwa mana ya zama sai yadda masu wutar lantarki suka sake shi. Daga baya aka yi Lagdo a kan Binuwai cikin Kamaru a 1982, aka yi Jebba a tsakiyar shekarun 1980, aka yi Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990. Ba mu ce wuta ba ta da amfani ba, mu ma da ita muke sana'a. Sai dai fadamar da ruwa bai hau ta a kan lokaci ba, kifi ba zai haihu a cikinta ba. Ga kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1985, wanda a 1985 har sai da kogin ya tsaya da gudu a Yamai.

Canji na uku kuwa daga hannunmu ne mu mutane. Aka fara zuba gamalin, maganin feshin koko, a tafkuna. Aka fara jefa nakiya. Mun taɓa ganin wani tafki a hayin kogi da aka zuba wa guba da dare, da gari ya waye ruwan ya yi fari fat da kifi, manya da 'yan mitsi-mitsi, har kwaɗi da kunkuru. Wanda ya yi ya kwashi na kwasa ya bar sauran suna ruɓewa. Wasu gidaje da suka ci kifin nan sun kwana suna amai da gudawa, kuma shekaru suka wuce kafin a sake yin su na kirki a wurin. Gwamnatin tarayya ta yi dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, doka mai lamba 108 ta 1992, wadda ta haramta guba da nakiya da kama kifi da lantarki. Amma doka a takarda take, kogi kuwa da faɗi. Daga baya ma sai ga gidan sauron da ake rabawa don kare yara daga zazzaɓi ya koma taru, ana tace 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba ana shanyawa a sayar da mudu.

Garin ma ya canza. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kogi ranar 27 ga Agusta 1991 Lakwaja ta zama hedkwata, jama'a ta ninka, gine-gine suka gangara har cikin fadama, leda da shara suka cika magudanai, masu ɗibar yashi suka kama gaɓa. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo nan ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro. Sai kuma ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka cinye gidaje a Ganaja da Adankolo da sauran unguwannin bakin ruwa, suka yanke hanyar Abuja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Da yawa cikinmu mun yi asarar kaya a shaguna. Amma masunta za su gaya maka bayan kowace babbar ambaliya kifi yakan yi yawa, don ruwa ya koma tsoffin fadamunsa da muka gine. Ruwa dai bai manta hanyarsa ba, mu ne muka manta.

A kasuwa kuwa kifin ƙanƙara da tarwaɗar kiwo sun maye gurbi. Mu 'yan kasuwa ba za mu zage su ba, da yawanmu da su muke ciyar da iyali, kuma da babu su talaka da bai ga kifi a miya ba. Amma duk wanda ya san ɗanɗanon ragon ruwa na kogi ya san akwai bambanci.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Jama'a, wannan ba maganar miya kaɗai ba ce. A irin zaman da muke yi, lokaci-lokaci akan taso da maganar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. Takardar shaida tana da amfaninta, amma abin da ya riƙe kakanninmu a nan shi ne sun san ruwan nan, sun san masu shi, sun ci arziki tare, sun yi jana'iza tare. Yaron da bai san sunan yauni ba, bai taɓa zama a jirgi ɗaya da Banufe ko Bakakande ba, ranar da rikici ya taso ba shi da wanda zai kira Baba a waccan unguwa.

Saboda haka muna ba ƙungiyarmu shawara kamar haka. Na ɗaya, a samu matasa masu ilimi su zauna da tsofaffin masuntanmu da suka rage, su rubuta sunayen kifi da na kayan su da na wuraren ruwa, da Hausa da Nufanci da sauran harsunan maƙwabta, a ɗauki hotuna tunda yanzu kowa da waya a hannu. Na biyu, shugabanninmu su nemi zama da sarakunan ruwa da masu unguwanni na sauran ƙabilu a ware ko da tafki ɗaya ne a rufe shi shekara guda, a buɗe shi da su na gayya kamar yadda ake yi a da. Na uku, mu dillalai da masu saye mu yi alkawari tsakaninmu ba za mu karɓi kifin guba ko 'ya'yan kifi ba, domin in babu mai saye babu mai kamawa. Na huɗu, a riƙa shirya ranar fatsa ga yara lokacin hutu, da manya a tare da su, da rigar ruwa, kuma a koya musu iyo a wurin da ba shi da haɗari. Wanda ya kama ƙarami ko mai ƙwai ya mayar da shi ruwa.

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa abin da ke cikin ruwa halal ne, sun kuma karantar da mu cewa ɓarna da almubazzaranci haramun ne. Duka biyun a aji ɗaya muka ji su, bai kamata mu riƙe ɗaya mu saki ɗaya ba.

Duk wanda yake da ƙarin bayani ko gyara a kan abin da muka rubuta, musamman iyayenmu na unguwar Kabawa da suka fi mu sani, ƙofa a buɗe take, a aiko wa mujalla ko a same mu a taron wata. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kiyaye mu da sharrin ruwa, Ya ba mu alherinsa, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.